Gurasar da Dogo Ya Gutsuttsura

Tun ranar da Tasi'u ya ƙi cin abincin Baba, Baba ya daina yi mini magana kai tsaye. Tukunya ya koma yi wa magana. Idan yana son tafarnuwa, sai ya leƙa cikin romo ya ce wai a wasu gidajen akwai 'ya'ya masu kawo tafarnuwa ba sai an roƙe su ba. Ni kuwa sai in kawo, in dire a gefensa, in ce wa tukunyar ga tafarnuwa nan, ta sanar da mai gidanta.

Haka muka ƙare lokacin sanyi, ni da shi da tukunya.

Sunana Yalan, 'yar Tsoho Ding mai romon rago, wanda shagonsa ke bakin lungun kasuwar Lahadi a unguwarmu ta Musulmi a birnin Xi'an. Ina da digiri biyu a fannin haɗa magunguna. Ranakun aiki farar riga nake sawa, manyan mutane su tsaya a layi suna jiran in yi musu bayani. Ranar kasuwa kuwa kwanuka nake wankewa, ba don an tilasta mini ba, sai don kada wani ya ce boko ya raba ni da gidanmu. Shekaruna ashirin da takwas, kuma babu wata tsohuwa a lungunmu da ba ta riƙe wannan lissafin fiye da ni ba.

Tasi'u ɗalibi ne, daga wani gari a Nijeriya da ake kira Gumel, yana karatun injiniyan ruwa. Neman naman halal ne ya fara kawo shi kasuwarmu. Sunansa ya gagari bakin kowa, sai aka sa masa Dogo. Da farko tsoronsa ake ji, saboda gaisuwa. Zai tsaya gaban mai tuyar waina ya tambaye ta lafiyarta, da ta yara, da yadda ta kwana, da sanyi, da gajiyar jiya. Kawu Wei mai sayar da gyare a 'yan kejin kara har ɓoye kayansa ya taɓa yi, a zatonsa hukuma ce ta turo mai bincike. Yanzu kuwa idan Lahadi ta wuce Dogo bai zo ya tambaye shi gajiya ba, sai ya wuni yana ƙunƙuni wai duniya ta lalace.

A shagonmu kuma babu wanda ya kai shi ci. Zai karɓi gurasarsa biyu, ya ɓaɓɓalla ta manya-manya cikin gaggawa, Baba ya dafa masa ita a cikin romo yana tsaki, shi kuma ya share kwano har ya ɗaga ya kurɓe. Baba yakan ce hannun yaron nan hannun jaki ne, amma cikinsa na mutanen kirki ne.

Sai ranar da ya zo da malaminsa da limamin masallacinmu, don a san da maganar aurenmu.

Baba ya tashi tun asuba, ya zaɓi haƙarƙari da kansa. Ko da bai yi niyyar ba da 'ya ba, ba zai yarda a ce baƙo ya shigo gidan Ding ya fita bai yaba ba. Aka jera kwanuka. Liman ya ci, malami ya ci har da ƙari. Tasi'u kuwa ya tsuguna can bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, ya ce alhamdulillahi a ƙoshe yake. Baba ya matsa masa, ya sake matsawa, har ya ɗauki kwanon ya kai masa da hannunsa. Tasi'u ya ƙara sunkuyar da kai kamar zai shige cikin siminti.

Da baƙi suka tafi, Baba ya tsaya kan tukunya ya tambaye ta: romon ne ya canja, ko kuwa mutumin? Wanda yake lashe kwano lokacin da yake baƙo, yau da yake son ɗaukar 'yar gida ya ga abincin gidan bai kai ya sa a baki ba.

Na yi bayani, ta hanyar tukunya. Na ce a garinsu namiji ba ya cin abinci a gaban surukinsa, girmamawa ce. Baba ya ce wa tukunyar shi dai ba surukin kowa ba ne, kuma mutumin da ba zai iya buɗe baki ya tauna a gabanka ba, akwai abin da yake ɓoyewa.

Na koma kan Tasi'u. Na roƙa, na yi faɗa, na kwana biyu ban ɗaga wayarsa ba. Ya ce wallahi ya gwada, maƙogwaronsa ne yake rufewa. Mahaifinsa har ya yi furfura bai taɓa kai loma a gaban kakansa na wajen uwa ba, kuma idan labari ya kai Gumel cewa ya zauna gaban uban yarinya yana suɗe kwano, mahaifiyarsa ba za ta iya shiga biki ba. Na ce masa Gumel tana can, Baba yana nan. Ya ce ya sani, shi ya sa ba ya barci.

Ga ni tsakanin maza biyu masu taurin kai, kowanne yana ganin shi ne mai ladabi.

A wannan tsakanin ne Gwaggo ta Uku, ƙanwar Baba, ta shigo da Deshun.

*

Deshun ɗan Alhaji Hai ne, masu shagunan busasshiyar magarya da gyaɗa. Yana da mota, yana da gida a sabon gari mai hawa da yawa, yana da wayoyi biyu. Ba shi da wani mugun hali da zan nuna, sai dai idan yana magana da kai, idonsa na kan waya. Abin da ya fi komai ɗaukaka shi a idon Gwaggo shi ne ci. Duk abin da Baba ya ajiye masa sai ya tashi da shi, yana yabawa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji.

Gwaggo ta zauna mini a ɗaki kamar ciwon kai. Ta ce ƙawayena duk sun yaye na biyu. Ta ce ƙasar su Dogo sai an yi kwana da yini a jirgi, idan ya sake ni a can wa zan kai wa kuka. Ta ce digiri ba ya ɗumama gado. Na ce mata na gode, idan Deshun ya yi mata haka, ai ita ma ba ta da miji a halin yanzu. Ta fita tana kiran sunan kakanninmu.

Ran Alhamis Baba ya sanar da tukunya cewa ranar Lahadi, da an tashi kasuwa, zai ba gidan Hai amsar neman aurena. Na ce wa tukunyar ta gaya masa ni ba buhun magarya ba ce da za a ɗora a mota. Amma ni na san inda nake da rauni, shi ma ya sani. Na riga na rantse ba zan yi aure ba sai da albarkarsa. Idan ya ba gidan Hai baki, ba zan auri Deshun ba, amma ƙofar Tasi'u ta rufe ke nan, domin Baba ba ya janye magana. Tasi'u kuma da zafi ya shigo zai gama karatu, zamansa a ƙasar ya ƙare.

Na iske Inna a bayan shago tana yanka albasa, hawaye har haɓa.

"Inna, kuka kike ko albasa ce?"

"Ke ma zauna ki yanka, sai mu ga taki." Ta turo mini wuƙa. "Ke kaɗai gare ni, Yalan. Na ɗauke ki a baya ina wanke kwanukan nan, na hana kaina rigar sallah don ki yi karatu, yau ki ce sai mutumin ƙarshen duniya."

"Ya ce nan zai nemi aiki, Inna."

"Duk haka suke cewa." Ta share hanci da bayan hannu. "Amma shi kaɗai ne a kasuwar nan ya taɓa tambayata ya ƙafata. Ubanki ma bai san tana ciwo ba."

Na fashe da kuka na gaske, na ɗora wa albasa laifi. Muka yi ta yi mu biyu, har albasar ta fi ƙarfin abin da shago ke buƙata. Daga ƙarshe Inna ta ce in kawo shi ranar Lahadi, ya zauna a teburi kamar kowa. Loma ɗaya kawai. Idan ya haɗiyi loma ɗaya a gaban Baba, ita za ta ji da sauran.

Na gaya wa Tasi'u. Ya ce zai zo, in taya shi da addu'a.

*

Ranar Lahadi lungu ya cika tun da safe, masu tsuntsaye sun rataye kejinsu a jikin bango, gyaren Kawu Wei suna ta kuka. Deshun ya riga zuwa, yana mitar cewa ya bar motarsa nesa don lungun bai da faɗi. Gwaggo ta zaunar da shi a teburin da ke fuskantar murhu, ta goge masa kujera da gyalenta.

Tasi'u ya makara, domin daga bakin kasuwa zuwa shagonmu akwai mutum wajen arba'in da sai ya tambaye su gajiya. Ya shigo da ƙunshin ganyen shayi, ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya ce wa tukunya wasu ba a san me ya kawo su shagon abinci ba, tunda a ƙoshe suke.

Inna ta zaunar da shi daura da Deshun, ta ajiye wa kowa kwano da gurasa biyu.

Gurasarmu tauri gare ta, ba a gama gasa ta ba, sai a cikin romo take ƙarasa nuna. Mai ci shi ke gutsuttsura abarsa da hannu, a kai wa mai dahuwa. Baba kuwa da kwano yake auna mutum. Ya sha faɗa cewa kafin baƙo ya buɗe baki, kwanonsa ya riga ya gaya masa ko zai iya riƙe mata, ko zai iya zama da mara lafiya. Gwanaye, tsofaffin unguwa, sukan mayar da ita ƙanana kamar kan ƙudan zuma.

Deshun ya maƙale waya a kafaɗa, yana cinikin gyaɗa da wani, ya ɓalla tasa kamar mai fasa itace. Kafin shayi ya huce ya miƙa kwano. Baba ya kalli gutsattsarin, kowane kamar babban yatsa, ya dafa.

Tasi'u ya ɗauki gurasa ya raba biyu. Ya saci kallon murhu, ya ga Baba na kallonsa. Ya raba rabin biyu. Sai ya tsaya, yana kallon abin da ke hannunsa, kamar wanda aka yi wa wahayi.

Daga wurin wanke-wanke na gane abin da ya gano. Muddin akwai sauran gurasa a hannunsa, babu mai dafa masa. Muddin ba a dafa ba, babu ci.

Ya sa farce ya mintsini ɗan mitsitsi, ya saka a kwano. Ya sake mintsinar wani. A hankali, kansa a sunkuye, kamar mai jan carbi.

Deshun ya cinye, ya yaba da ƙarfi, ya nemi ƙari. Mutane suka shigo, suka ci, suka fita. Rana ta ɗaga har ta leƙo ta kan rumfa. Tasi'u bai gama gurasar farko ba. Gwaggo ta tambayi Inna ko yaron yana da wata lalura ne. Deshun ya ce ko a kira masa mai taimako, kada ya kwana a nan.

Kawu Wei ne ya fara lura. Ya shigo shan shayi, ya leƙa kwanon, ya ajiye kofinsa. Ya fita ya dawo da tsofaffi biyu masu tsuntsaye. Suka ja kujeru suka kewaye teburin, hannuwa a baya. Can ɗaya ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun marigayi mai gyaran agogo. Ɗayan ya ce na mai agogo bai kai wannan daidaito ba. Suka fara gardama ƙasa-ƙasa, kamar masu kallon dara.

Tasi'u bai san ma suna yi ba. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Da gurasa ta biyu ta kusa ƙarewa, ya ɗago a firgice ya yi wa Inna raɗa, wai ko za a ƙara masa ɗaya. Inna ta harare shi, ta kawo. Tsofaffi suka jinjina kai, wai yaro ne mai himma.

Ta ukun ma ta ƙare. Ya bi cikin kwanon da yatsa yana neman wanda ya ɗan fi girma ya raba. Har aka kai inda babu sauran abin rabawa.

Kawu Wei ya ɗauki kwanon da hannu biyu, kamar jariri, ya kai gaban murhu.

*

Baba ya goge hannu. Ya zuba yatsu cikin kwanon ya ɗebo, ya bari suna zuba kamar gero. Ya daɗe yana yi.

Deshun ya ga hankalin kowa ya bar kansa. Ya yi dariya ya ce ai wannan ɓata lokaci ne, akwai injin da ke yanka gurasa ɗari kafin a ƙifta ido, kuma shi da kansa zai sayo wa Kawu Ding guda a matsayin kyauta, a huta da wannan wahala. Gwaggo ta taka masa ƙafa, amma maganar ta riga ta fita. Tsofaffin nan suka juyo suka dube shi kamar ya shiga masallaci da takalmi. Baba ya gaya wa tukunya cewa ta ji, za a kawo mata inji.

Sannan ya jawo ƙaramin kasko. Ya ɗebo romo daga can gefen da yake ajiye wa tsofaffin abokansa, ya sa taliya siririya, ya yanka nama ta wurin kitse. Bai bar Inna ta kai ba. Shi ya ɗauko, ya ajiye gaban Tasi'u, ya jera masa tafarnuwa mai zaƙi da yaji, ya tsaya a kansa ya harɗe hannu.

Kowa a shago ya zuba ido.

Tasi'u ya ɗauki tsinken cin abinci. Ya ɗebo loma, ya kawo ta har kusa da baki. Ya ɗaga ido ya ga Baba. Lomar ta koma cikin kwano. Ya ajiye tsinken, ya ce a hankali, "Kawu, ka yi haƙuri."

Na ga wuyan Baba ya fara ja. Tsofaffi suna ta yi wa Tasi'u alama da ido. Da na yi shiru, wataƙila yabonsu ya ɗan sassauta shi. Amma ni ban yi karatu don in sami miji ta hanyar ruɗu ba. Na ajiye soso, na zo na tsaya tsakaninsa da tukunya, yadda babu wanda zai yi wa magana sai ni.

"Baba, ba gwaninta ba ce. Ya yi ta gutsuttsurawa ne don kada a dafa. Kunyarka yake ji. Da Inna ta ba shi gurasa goma, da yana nan har la'asar."

Baba ya dube ni. Rabon da ya dube ni ido cikin ido har na manta.

"Kin zaci ban sani ba? Tun kafin a haife ki nake kallon hannun mutane." Ya nuna Tasi'u da haɓa. "A garin nasu, gaban wa kika ce ba a ci?"

"Gaban uban matar mutum."

"Gaban mai sayar da romo fa?"

"Ana ci. Ai ka gani da idonka, har kurɓewa yake."

Baba ya dubi kwanon da ke ta tururi, ya dubi ƙeyar Tasi'u. Ya yi tsaki mai tsawo. Sai ya kai hannu baya ya kwance ɗaurin rigar aikinsa, ya miƙa wa Inna ludayi, ya gyara farar hularsa. Ya ce zai je ya ga tsuntsaye.

Baba ya tsani tsuntsaye. Yakan ce aikin marasa aikin yi ne. Kuma tun da na yi wayo bai taɓa barin tukunya ana tsakiyar kasuwa ba, ko ranar da haƙori ya kumbura masa fuska.

A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Yalan, ki gaya masa romona ba ya daɗi idan ya huce. Zan duba kwanon in na dawo."

Ya fita, tsofaffi suka bi shi. Gwaggo ta miƙe tana tambayar amsar da za ta kai gidan Hai. Inna ta ce mata ai ta ga Baba ya fita ya ba suruki wuri, ta kai musu wannan. Deshun ya duba wayoyinsa biyu, ya ce dama yana da wani taro, ya fita, Gwaggo na biye da shi tana ba shi haƙuri.

Na juya wurin Tasi'u. Na ce to bismilla. Ya ɗauki tsinke, ya ɗebo loma. Sai ya tsaya, ya saci kallon Inna, ya sunkuyar da kai.

Inna ta dube shi, ta dube ni.

"Har da ni?"

Na ce har da ita, ita ce ma ta fi.

Ta sauke numfashi, ta danƙa mini ludayin, ta ɗauki gyalenta tana ɗingishi, tana cewa ita ma bari ta je ta ga tsuntsayen nan da ake ta magana.

Aka bar ni ni kaɗai a gaban murhu, da digirina biyu, da ludayin da ban taɓa riƙewa ba, da layin mutane har waje kowa riƙe da kwanonsa. A bayana kuwa na ji Dogo ya yi bismilla, sannan na ji ƙarar kurɓar romo, irin wadda duk lungu ya sani.